Hayaƙi a Yammacin Kurmin Slama

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Na je gandun daji kamar kullum. Likita ya ce tafiyar awa guda kowace safiya saboda ciwon sukari, ni kuwa shekara shida ke nan hanyata ɗaya ce: daga ƙofar gida zuwa ƙofar gandu, in bi gadar katako ta bakin tafki, in ratsa kurmi, in dawo. Bana tafkin Slama ya ja da baya yadda ban taɓa gani ba. Gadar da aka yi don mutum ya tsaya a kan ruwa, yanzu a kan busasshen taɓo take tsaye, duk ya tsattsage. Zalɓe biyu, balbela ba adadi, agwagin ruwa sun cunkushe a ɗan abin da ya rage a tsakiya.

Rabah mai gadin gandu ya tare ni a ƙofa. Ɗalibina ne a da, ɗan bencin baya. Ga furfura a gemunsa yanzu, amma har yau in ya hango ni sai ya ɓoye taba a bayansa.

"Malam, yau kar ka shiga kurmi. Akwai hayaƙi ta yamma."

"Gobara ce?"

"Ai da gobara ce da sauƙi. Ko harshen wuta ɗaya babu. Ƙasa ce ke ci."

Na ce, "Ta yamma wajen ina?"

Ya ce wajen karyayyar gada.

Na dawo ta gajeriyar hanya. Matata Hamisa ta ajiye mini gurasa da cokali ɗaya na sabon zuman da na kawo ran Alhamis. Na ce ta ɗauke, ta ba ni man zaitun.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan Azahar

'Yan kwana-kwana sun zo da mota biyu. Su zuba ruwa a nan, hayaƙi ya ɓullo a can, taku ashirin gaba. Babbansu ya tara mutane a ƙofar gandu yana bayani: ƙasar kurmin nan ba ƙasa ba ce, ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa na shekaru aru-aru, in ta bushe sai ta ci kamar gawayi, a hankali, ta ƙarƙashi, har wata da watanni. Kowa na jinjina kai. Wani ya nuna ni, ya haɗa sunana da "Si" na girmamawa, ya ce, "Ai ga Si Bujuma'a nan, shi ya koya mana wannan a makaranta."

Haka ne. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da labarin ƙasa. Har da gutsuren baƙar ƙasar nan nakan kai aji in kunna a faranti, yara su yi ta mamaki.

Sunana yana jikin allon ƙofar, a ƙarƙashin dokoki: Shugaban Abokan Tafki. Wasiƙa goma sha ɗaya na rubuta kafin hukuma ta yarda ta zagaye wurin da waya. Ba shanu, ba gatari, ba wuta, ba amya. Ni na jera su da hannuna.

Akwai amya huɗu na ɓawon itace a bayan karyayyar gada, inda ba mai zuwa. Sun riga wayar, sun riga allon. Na mahaifina ne. Ban taɓa ɗaukarsu a cikin amyar da doka ke nufi ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, da yamma

Na tuna Baba yau a masallaci, liman na huɗuba hankalina na wani wuri. Yadda yake kunna busasshen kashin shanu a kan katanga, ya busa hayaƙin a bakin amya har ƙudan su lafa. In ya gama yankan saƙa sai ya tona rami da dunduniya, ya juye garwashin, ya rufe, ya taka sau uku da bismillah. Yakan ce, "Wuta ba a barinta a sarari, ɗana. Binne ta ake yi." Tun ina ɗan shekara takwas hannuna da ƙafata suka haddace wannan, ba sa shawara da kaina.

A zamaninsa in ka tona tsawon tafin hannu a kurmin nan, ruwa ne ke cika ramin kafin ka miƙe.

Lahadi, 8 ga Satumba, hantsi

Jandarma sun tafi da Layashi.

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya. Shanu tara, baki kamar rediyo. Tun da aka sa waya aka hana shanunsa shiga, bai sake kirana da sunana ba, sai Wazirin Agwagi. "Ranka ya daɗe Waziri, yaya talakawanka suka kwana? A gaishe mini da kwaɗi." Duk da haka ba a taɓa yin makon da bai aiko mana da nono ba.

Duk ƙauyen nan an san halinsa. Ƙarshen bazara yakan cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a bakin gandu, don sabuwa ta fito da ruwan farko. Ubansa ya yi, kakansa ya yi. Ranar Laraba, 28 ga Agusta, mutum uku sun gan shi yana yi, shi ma bai musa ba.

Ta gabas ya ƙona. Gabas, inda ƙasar jan yumɓu ce. Hayaƙin ta yamma yake, tafki guda a tsakani. Ba wanda ya tsaya ya duba taswira.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya

Wani jandarma ya ce mini, "Malam, kai kullum kana ciki. Ka ga wani a yammacin kurmi a makon nan da ya wuce?" Na ce ban ga kowa ba. Gaskiya ce kuwa, ban ga kowa ba.

Laraba, 11 ga Satumba, da safe

Iskar kudu. Hayaƙi har cikin kwanon abinci.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan La'asar

Mbarka matar Layashi ta shigo ɗazu. Ta zauna a ƙasa bakin ƙofa, Hamisa ta yi ta yi da ita ta hau katifa ta ƙi. Ta rame a kwana shida. Ta je ganinsa ran Alhamis.

"Si Bujuma'a, wasiƙa muke so. Lauyan da suka ba shi ya ce in ya amsa laifi ya roƙi sassauci, alƙali zai duba. Layashi ya ce ba wanda zai rubuta sai kai. Ya ce alƙalaminka ne ya kori shanu, to ya gwada dawo da mai shanu."

Ta yi ɗan murmushi, ta rufe baki da mayafi.

Na ce, "Ya amsa me? Ai shi ta gabas ya ƙona."

"Haka ya ce musu da farko. Suka ce wutar nan ta ƙarƙashi take tafiya, ba a ganinta. To ya kwana yana tunani, ya ce lallai tasa ce ta nutse ta zagaya. Wa kuma ya kunna wuta in ba shi ba? Ko ka san wani?"

Hamisa tana zuba gahawa. Ba ta ɗago ba.

Na ce ta dawo gobe da safe.

Lahadi, 15 ga Satumba, ƙarfe tara

Na rubuta. Shafi biyu, ba gyara ko ɗaya. Rabon da Larabcina ya yi kyau haka tun wasiƙun neman a zagaye gandu da waya. Na sa jahilci, na sa fari, na sa nadama mai cin zuciya, na sa "ina ganin hayaƙin a mafarkina". Ban sha wahalar neman kalmomin ba, a kusa suke. Na karanta mata ta yi kuka, ta ce, "Wallahi kamar ka shiga cikinsa ka gani."

Na ji ƙyamar kaina har bakina ya yi ɗaci. Bayan ta fita na ci abinci sosai, har da ƙari. Wannan ma in rubuta shi.

Talata, 17 ga Satumba, hantsi

Itatuwa sun fara faɗuwa. Ganyensu kore shar, ba ƙuna a jikinsu, sai kawai ka ji ƙara, ka ga babban itace ya kwanta, saiwar ta zama toka. Na tsaya a gadar katako na ƙirga biyar a awa ɗaya. Rabah ya ce kififiya na fitowa daga taɓo suna mutuwa a hanya, ya tara su a bayan ɗakinsa don kar masu ziyara su gani. Masu ziyara kuwa sun ƙaru. Daga birni suke zuwa da motoci da kankana, su ɗauki hoton hayaƙi. Wata mata mai tabarau ta ce a gabana, "Irin makiyayan nan ai rataye su ya kamata a yi." Mijinta ya karanta allo, ya gane ni ne, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

Na ce amin.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan Magariba

Mbarka ce ke kiwo yanzu, ita da ba ta taɓa riƙe sanda ba. Shanun sun ji ƙanshin ruwa, suka kutsa ta inda itace ya danne waya. Jar saniyar, Hamra, wadda Layashi ke yi wa waƙa, ta taka wuri mai kama da ƙasa ta rufta har ƙirji. Da aka jawo ta da igiya, ƙafafunta huɗu ba fata. An yanka ta a wurin.

Aka yi watanda kamar yadda aka saba in dabbar maƙwabci ta faɗi, kowane gida ya ɗauki kashi don kar asarar ta tsaya a kan mutum ɗaya. Na ce a ba ni kashi uku. Mahaucin ya ce, "Kai da tsohuwa ku biyu, Malam? Ko amarya za ka yi ba mu sani ba?" Aka yi dariya.

Hamisa ta karɓi naman ta ajiye a kwano, ta tsaya tana kallona.

"Yaushe rabonka da ƙudanka?"

Na ce an hana shiga.

"An hana shiga tun shekara shida, bai taɓa hana ka ba. Mako uku ke nan ko sunansu ba ka ambata. Zuma kuma ka ce in ɗauke. Wuƙar Baba ma ban gan ta a jaka ba da na wanke."

Na ce me take nufi.

"Ba na nufin komai. Shekara arba'in muna tare, in ka yi tari na san abin da ka haɗiya. Naman nan ni ba zan dafa shi ba. In kana so ka dafa da kanka."

Asabar, 21 ga Satumba, da safe

Shekarata sittin da takwas. Allura biyu a rana. Can kurkuku kuma an ce mutum goma sha biyu a ɗaki. Layashi ko hamsin bai kai ba, kuma ƙarfi ne da shi kamar bijimi.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Ban goge ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ban ga kowa ba.

Talata, 24 ga Satumba, bayan Azahar

Yau na je yamma. Na bi ta bakin waya, ina dafa ƙasa da sanda kafin in sa ƙafa, zafi na ratso tafin takalmi. Karyayyar gada babu ita. Inda amyar suke rami ne mai zurfin gwiwa, farar toka, da kakin da ya narke ya daskare a jikin dutse. Ƙudan sun daɗe da tafiya, ko sun mutu, ban sani ba. Daga ramin nan ƙunar ta buɗe ta ko'ina kamar tafin hannu. Makaho ma zai gane daga inda ta tashi.

Ban ji zuwan Rabah ba.

"Malam, wurin nan ba na tsayawa ba ne."

Muka koma inuwa. Ya sa hannu a rigarsa ya fito da abu a naɗe cikin tsumma. Wuƙar yankan saƙa ce, doguwa mai lanƙwasa, ƙotar ta ƙone rabi, amma harafin da Baba ya zana da ƙarfe mai zafi yana nan.

"Ranar farko na tsince ta. Ban sa a rahoto ba."

Na kasa ɗaga ido.

"Amyar ma na san da su tun shekarar da na kama aiki. Malam, kai ka tsaya mini da ubana zai cire ni daga makaranta. Ka tuna? Har gona ka bi shi. Ni ban ga komai ba. Ka sa ta a aljihu."

Na ce, "Layashi fa?"

Ya kunna taba a gabana, karo na farko a rayuwarsa. Ya ce, "Layashi ya kunna wuta shi ma. Ba ƙarya aka yi masa ba gaba ɗaya." Ya faɗa yana kallon toka, muryarsa kamar ta yaron da ke ba da haddar da bai yarda da ita ba.

Na sa ta a aljihu. Yanzu mu biyu na lalata.

Alhamis, 26 ga Satumba, da yamma

Mbarka ta ce Layashi yana son ganina, na rasa hanyar ƙi. Motar ƙarfe bakwai, awa ɗaya da rabi zuwa birni, awa biyu a layi a ƙofar kurkuku da kwandon abinci.

An aske masa kai. Da ya gan ni ta bayan raga ya buɗe baki zai ce Waziri, sai ya haɗiye.

"Si Bujuma'a, ka sha hanya."

Na ce yaya wurin.

"Alhamdu lillahi, hutu nake. Ba tatsa, ba kiwo, ga miya kullum, in ka yi sa'a har ka haɗu da wake ɗaya yana iyo. Hamra ce dai. Mbarka ta ɓoye mini, ɗan'uwanta ya faɗa." Ya goge hanci da bayan hannu. "Ba wannan ya sa na kira ka ba. Ka yafe mini. Na san yadda kake son wurin nan. Shekara shida ina yi maka tsiya, ashe kai ke da gaskiya, mu ne jakai. Itatuwan da kakanninmu suka sha inuwarsu, ni na kashe da ashana ɗaya. Ko barci ba na iyawa."

Na ce, "Layashi, yumɓu ba ya cin wuta."

"Ka bar lallashina, Malam. Ka ce ka yafe kawai."

Wuƙar tana wajen mai gadin ƙofa, sun karɓe ta sai na fito. Bakina yana tare da ni. Na ce na yafe.

Lahadi, 29 ga Satumba, da Asuba

Ruwa. Tun jiya da la'asar bai tsaya ba. Mata na guɗa a kan rufi.

Talata, 1 ga Oktoba, hantsi

Na je gandu. Yamma ta zama baƙin kududdufi, ramin da tokar da kakin duk sun nutse, ba abin da ya rage da mutum zai nuna. Hayaƙi ya mutu. Rabah ya gaishe ni daga nesa bai matso ba.

Na zagaya gabas. Inda Layashi ya ƙona, ciyawa ta fito kore, sabuwa, lif-lif, kamar yadda ya yi niyya. Na tsuguna na tona da yatsa: jan yumɓu, lafiya lau, ko ɗigon toka babu a ƙarƙashi. Shanunsa takwas suna tsaye a bayan waya suna kallonta.

Jibi ne shari'a.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan La'asar

Na sa kwat ɗina na makaranta. Na zauna a layi na biyu a kotu, Mbarka a can ɓangaren baya. Na shirya abin da zan faɗa tun a mota, jimla uku. Na ce in alƙali ya tambaya ko akwai mai magana, zan miƙe.

Bai tambaya ba. Minti goma sha biyu aka yi. Ya ɗaga wasiƙar ya ce rabon da ya ga amsa laifi mai tsabta irin wannan ya daɗe, saboda ita zai sassauta. Shekara uku.

Ba wanda ya riƙe mini ƙafa. Ba wanda ya rufe mini baki. Na zauna hannuna a aljihu, ba komai a ciki, don wuƙar ma a gida na baro ta. Ashe tun da safe na san ba zan miƙe ba.

A mota Mbarka ta ce lauya ya ce da ba don wasiƙar ba da goma ne. Ɗazu ta aiko da nono da ƙwai shida.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Ban je masallaci ba. Ban je gandu ba. Nonon yana kan tebur ya yi tsami, ba wanda ya taɓa.

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe bakwai saura kwata na safe

Na karanta littafin nan daga farko. Wata guda ina kewaye jimla ɗaya kamar jakin da ke juya dutsen niƙa. Da ɗalibi ne ya kawo mini irin wannan, da jan biro zan rubuta masa: faɗi abin da kake nufi.

Ni, Bujuma'a ɗan Salah, ranar Alhamis 29 ga Agusta da hantsi, na yanki zuma a amya huɗu da na ɓoye a yammacin kurmin Slama. Na binne garwashi a busasshiyar ƙasa na taka sau uku. Wutar tawa ce. Layashi ba shi da hannu a ciki, kuma na san haka tun ranar farko. Wasiƙarsa ni na rubuta ta, abin da ke cikinta nawa ne. Shafin 24 ga Satumba zan yage shi, Rabah yana da 'ya'ya. A'a. Ba zan yage komai ba, in sun tambaye ni zan ce tsohon malaminsa ne ya fi ƙarfinsa.

Lauya ya gaya wa Mbarka kwana goma ne a ɗaukaka ƙara. Uku sun tafi.

Motar ƙarfe bakwai ta wuce ina wannan rubutu. Na ji ƙahonta a kwana, kuma na ji wani sanyi a ƙirjina, ba zan ɓoye ba. Na ce wa kaina akwai gobe.

Ƙarfe takwas da rabi

Hamisa ta shigo da jakar tafiyata. Ban ce ta haɗa ba. Bargo, tawul, allurai, tabarau na biyu, wuƙar Baba a naɗe a sama. Idonta ya kumbura. Ta riga ta yafa mayafin fita.

Na ce, "Ta bakwai ta wuce."

"Na ji. Akwai ta tara."

"Hamisa, in na shiga can, ƙila ba zan…"

"Na sani. Ka ɗauka ban ƙirga ba? Kwana talatin ina ƙirgawa, ina cewa gara mijin Mbarka da nawa. Allah ya yafe mini. Jiya ta tambaye ni ko kana son ƙwan a dafe ko ɗanye take aikowa." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Rufe littafin nan ka sa a jaka. Za mu fara tsayawa ƙofarta, ka faɗa mata da bakinka, ba da alƙalami ba. Tashi, Malam."

Ta riƙe mini takalmina.